A Ƙara Wa Miya Ruwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Yake ciyar da mu Yake shayar da mu ba don wayonmu ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ɗalibai, da ku iyayenmu maza da mata da wannan mujalla za ta shiga hannunku, yau dai maganar miya na zo da ita. Na san wani zai ce, "Haba Malama, duk darussan fiƙihu da tajwidi sun ƙare ne sai miya?" To a yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, in an ga ba ta shafi addini ba a zo a faɗa mini.

Kwanakin baya ina karantar da ladubban cin abinci a aji uku, sai na ce kowa ya faɗi abin da ya ci jiya da dare. Wannan ya ce shinkafa da miya, wancan ya ce taliya da ƙwai, wata ta ce dankali. Da layi ya zo kan wata yarinya da ke zaune can baya sai ta sunkuyar da kai, da ƙyar ta ce, "Tuwo." Na ce da wace miya? Ta ce, "Kuka." Kai jama'a! Sai ajin nan ya fashe da dariya kamar ta faɗi wani abin kunya. Wani yaro har da cewa, "Miyar talakawa!" Ni kuwa na san gidajen yaran nan, a unguwa ɗaya muke. Na san da yawa daga cikin masu dariyar kukar nan suka sha suka kwanta. Wato dai an haɗa laifi biyu a zama ɗaya, ga ƙarya ga raina ni'imar Allah.

Na tsawata musu, na kuma tuna musu abin da Abu Huraira (R.A.) ya ba da labari, cewa Annabi (S.A.W.) bai taɓa kushe wani abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai. Yaro ɗan shekara tara ba shi ya ƙirƙiro kalmar "miyar talakawa" ba, a bakin manya ya ji ta. Kuma wannan raini bai tsaya a kan dariyar aji ba, ya kashe mana wata babbar sunna muna ji muna gani.

Duk ɗalibin da ya fara Riyadus Salihin zai tarar da babi guda a kan haƙƙin maƙwabci. A cikinsa akwai hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Zarrin Algifari (R.A.), inda Annabi (S.A.W.) ya yi masa wasiyya da cewa idan ya dafa romo ya yawaita ruwansa, sa'an nan ya duba maƙwabtansa ya ɗiba musu. Don Allah mai karatu tsaya ka dubi wannan umarni da kyau. Ba a ce ya ƙara nama ba. Ba a ce ya jira ranar da ya yanka rago ba. Ruwa aka ce, abin da mai kuɗi da talaka duk suna da shi a randa. An yarda miyar ta ɗan rage daɗi, an yarda ta tsinke, in dai za ta tsallaka katanga.

Ni kuwa a nawa ganin, babu mutanen da wannan umarni ya zo wa da sauƙi kamar mu, domin miyarmu ta gado kamar don haka aka yi ta. Ku 'yan mata da ba ku fara shiga kicin ba, ku saurara. Ita miyar kuka ruwa ake ɗorawa, a daka daddawa da barkono da albasa da ɗan citta a zuba, in akwai ƙashi ko busasshen kifi a jefa, in akwai wake a ɓarza shi a sa ya dahu har ya narke. Sai a bar ta ta yi ta tafasa har ƙamshin daddawar nan ya game gida. A ƙarshe ne ake sassauta wuta, a riƙa barbaɗa garin kuka kaɗan kaɗan da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kaɗawa da maburgi don kada ta yi gudaji. To a nan asirin yake. In an yi baƙi bagatatan, ko an tuna da wani gida, ludayi biyu na ruwa da cokali guda na kuka sun isa, miya ta koma yadda take, kauri bai ragu ba. Haka busasshiyar kuɓewa, haka karkashi. Shi ma tuwo tun a wurin talge ake ƙara masa ruwa da gari, malmala biyar ta zama bakwai.

Je ki gwada wannan da shinkafa da miyar dage-dage mana. Tumatir da mai kuɗi ne, in kin ƙara ruwa ta lalace, kuma kowane faranti sai an ɗora masa yankan nama, nama kuwa ƙirga shi ake yi. Wanda ke ƙirga yanka ba ya tuna maƙwabci. Ba na hana kowa cin shinkafa, ni ma ina so, amma a san cewa tukunyar da ake rainawa ita ce mai iya ciyar da mutum goma da cefanen mutum shida.

Kuma wai me aka raina a cikinta? Ganyen kuka da aka shanya a inuwa ya bushe da korensa, masana abinci sun tabbatar yana ɗauke da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da wanda ke ƙara jini. Daddawa kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Kalwar ɗorawa ake dafawa wuni guda ko kwana, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu zuwa uku har ta ruɓa yadda ake so, sa'an nan a kirɓa a shanya. Tana gina jiki kamar yadda wake ke yi, abin da ɗan dunƙulen da muke saya a kanti ba ya yi, shi ɗanɗano ne kawai da gishiri. Kakanninmu da wannan miya suka yi noma, suka yi fatauci, suka haddace Alƙur'ani. Ga miyar taushe kuma, da kabewarta da gyaɗa da yakuwa da alayyafo. Duk lokacin da na yanka kabewa sai na tuna labarin Anas ɗan Malik (R.A.) da Buhari da Muslim suka kawo. Wani tela ne ya gayyaci Annabi (S.A.W.) cin abinci, ya kawo gurasar sha'ir da romo mai busasshen nama da wani abu da malamanmu ke fassarawa da kabewa. Anas ya ga Annabi yana bin gefen kwano yana tsintar kabewar nan, tun daga ranar shi ma ya kamu da sonta. Abincin tela ne fa, ba liyafar sarki ba, kuma fiyayyen halitta ya je ya ci.

Lokacin da muke yara, a unguwarmu da an idar da sallar magariba za ka ga yara suna ta gilmawa a lungu, kowa da langa a ka an rufe da faifai. Innarmu, Allah Ya jiƙanta, kafin ta zuba wa kowa a gida sai ta fara fitar da kwano uku: na wata tsohuwa da ke gidan da ke kallon namu, na almajirin gidanmu, da na gidan da ke jikin katangarmu. Mu ma kafin isha'i kwano biyu ko uku sun shigo mana. Wata rana faten tsaki ne da rama, wata rana ɗanwake, wata rana irin tuwon da muka aika ne sak ya dawo da wata miyar. Maza kuma suna ƙofar gida a kan tabarma suna ciyayya, kowane magidanci an fito masa da akushinsa an jera, a ci wannan a ture a jawo wancan. Baƙo ko matafiyi in ya yi sallama, wanke hannu kawai zai yi. Abin da ya rage a rufe, da safe a yi ɗumame a zuba man shanu. Wanda bai taɓa cin ɗumamen tuwon dawa da sanyin asuba lokacin hunturu ba, ina yi masa jaje.

Sai da na girma na gane hikimar wannan al'ada. Ashe ba musayar daɗi ake yi ba, asiri ake rufawa. Tunda kowane gida yana aikawa kuma kowane gida yana karɓa, ranar da wani gida bai ɗora tukunya ba babu wanda zai sani. Kwanukan maƙwabta za su shigo kamar kullum, yara su ci su ƙoshi, maigida bai roƙi kowa ba, uwargida ba ta zubar da mutuncinta ba. Washegari ta wanke kwano ta mayar, in tana da ɗan kuli-kuli ko gyaɗa ta sa a ciki, in babu ta bi shi da addu'a. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara, ya ba mu labarin wasu mabuƙata da wanda bai sani ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kansu, ba sa naci wajen roƙo. To irin waɗannan ta yaya abinci zai kai gare su? Ba za su bi layin rabon tallafi ba, ba za su tsaya a ɗauke su hoto da buhu a hannu ba. Kwanon maƙwabci ne kaɗai yake shiga irin wannan gida ba tare da ya ci mutuncin kowa ba.

Yanzu fa? Mun mayar da abin na watan azumi da ranar salla. Da azumi a yi ta musayar kunu da ƙosai, da salla a raba tuwon shinkafa da taushe, shi ke nan sai baɗi. Kamar yunwa ma wata ɗaya take aiki a shekara. Alhali kowa shaida ne a kan abin da ya faru bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, da irin tsadar abincin da aka sha a 2024. Gidaje nawa ne suka koma cin abinci sau ɗaya a wuni, a cikin unguwannin da ake zubar da ragowar shinkafa a kwata?

Na tambayi mata da dama dalilin da ya sa suka daina. Amsar da ta fi yawa ita ce kunya. "Malama, yaya zan aika wa Hajiya miyar kuka ba ko ƙashi? Ai sai ta raina ni." Wata ta ce ita ba ta aikawa sai ranar da ta yi kaza. To kaza sau nawa ake yi a wata? Ke 'yar'uwa, wannan kunya ba irin wadda addini ya yaba ba ce. A cikin babin nan dai na Riyadus Salihin akwai hadisin da Annabi (S.A.W.) ya fuskanci mata musulmi musamman, ya hana maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da kofaton tunkiya ne. Kofato fa! Mene ne a jikin kofato? Malamai sun ce hanin ya hau kan mai bayarwa, kada ta ƙi bayarwa don ƙanƙantar abin, wasu kuma suka ce ya haɗa da mai karɓa, kada ta wulaƙanta abin da aka kawo mata. Ni ina ganin ta biyun ce ta fi yi mana ɓarna. Mace ɗaya mai buɗe kwano ta taɓe baki, ta ce wa 'yar aiki "kai wa almajirai" a gaban yaron da ya kawo, ta isa ta rufe ƙofar alheri a layi guda. Yaron zai koma ya faɗa wa uwarsa, ita kuwa ba za ta sake ba har abada.

Akwai kuma masu cewa zamani ya lalace, ba a cin abincin kowa, kada a yi maka sammu ko a zuba maka wani abu. Ban ce babu mugaye a duniya ba. Amma a ce duk layinku, mutanen da kuke sahu ɗaya da su a masallaci, waɗanda in gobara ta tashi su ne za su fara zuwa da bokiti, in mutuwa ta zo su ne za su ɗauki makara, duk babu wanda za ka iya cin tuwonsa? Wannan mummunan zato ne, kuma mun san hukuncinsa. Abin mamaki, mai wannan magana zai tsaya a bakin titi ya sayi abinci a hannun wanda bai san ko sunansa ba, ya ci ya sha ruwa. Ka yi bisimilla, ka riƙe azkar ɗinka na safe da yamma, ka ci.

Uzurin da na fi tausaya wa shi ne na mai cewa, "Mu ma bai ishe mu ba." Wannan gaskiya ce a gidaje da yawa, kuma addini bai ce ka bar 'ya'yanka da yunwa ka kai waje ba, iyalinka su ne farko. Sai dai a tuna an ruwaito cewa abincin mutum biyu yana isar uku, na uku yana isar huɗu. Kuma in yau kai ne marar shi, to kai ne wanda ya kamata kwano ya shigo wa, kuma babu abin kunya a ciki. Nana A'isha (R.A.) ta ba ɗan 'yar'uwarta Urwatu labarin cewa sukan ga jinjirin wata uku a cikin wata biyu ba a hura wuta a gidajen Annabi (S.A.W.) ba, sai dabino da ruwa. Amma suna da maƙwabta mutanen Madina masu dabbobin tatsa, su ne suke aiko musu da madara. Gidan da ya fi kowane gida daraja ya karɓi ƙwaryar maƙwabta. Wane ne kai, wace ce ke?

Iyayenmu maza, ku ma akwai naku. Mata da yawa suna so su aika amma suna tsoron faɗan maigida, ya ce ana yi masa almubazzaranci da hatsi. Ya zo a hadisin Nana A'isha cewa idan mace ta ciyar daga abincin gidanta ba tare da ɓarna ba, tana da ladan bayarwa, mijin kuma yana da ladan nemowa, babu wanda zai rage na wani. Baba, kana kasuwa ko ofis ana rubuta maka lada da ludayin da ba ka ko gani ba. Me zai hana ka buɗe baki sau ɗaya ka ce, "Na yarda, kullum a fitar da kwano guda"? In kuma ana ruwan ido a kan gidan da za a fara, an riga an yanke wannan: da Nana A'isha ta yi tambaya a kan maƙwabta biyu, an nuna mata wanda ƙofarsa ta fi kusa. Ba a ce wanda kuke ƙungiya ɗaya ko masallaci ɗaya ba, ba a ce ɗan garinku ba. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta ambaci maƙwabci na kusa da na nesa duka, kuma malamai sun bayyana cewa ko wanda ba musulmi ba yana da haƙƙin maƙwabtaka.

Ku kuma ɗalibai, ku ne ƙafafun wannan aiki, don zumunta a ƙafa take. In an aike ka da kwano ka riƙe shi da hannu biyu, ka yi sallama, ka gaida mutanen gida, ka ce "wai in ji Umma ga shi ba yawa." Kada ka buɗe a hanya, kada ka tsaya kallon ƙwallo har tuwo ya huce, kada ka tsaya jiran tukuici. Abin da ya fi duka, in ka ga murhunsu babu wuta, ko ka ga yaran gidan sun yi wa kwanon rubdugu, to idonka ne ya gani, bakinka bai gani ba. Umma kaɗai za ka raɗa wa, ita ta san abin da za ta yi gobe. Ranar da ka kai wannan labari makaranta ka ɓata ladan gidanku gaba ɗaya.

Kada ku ɗauka mai wannan rubutu ta fi ku. Da muka tashi daga cikin gari muka koma sabuwar unguwa, inda kowa ya ja doguwar katanga ya sa get, na shekara uku ban aika wa kowa komai ba in ba naman layya ba. Ina karantar da babin maƙwabci da yamma, in dawo in rufe ƙofata. Akwai wata baiwar Allah mai haya a gidan da ke bayanmu, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Kullum tsaf za ka gan ta, hijabinta a goge, in mun haɗu mu gaisa da fara'a. Sai wata rana ƙaramin ɗana ya dawo daga wasa yake ce mini, "Umma, su a gidansu garin kwaki suke sha da daddare ma, ba sukari." Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Tsakanin tukunyata da ɗakinta bai fi taku goma ba.

Na rasa yadda zan fara, don na san in na aika da shinkafa a kula rana tsaka za ta gane an gano ta. Sai na tuna dabarar Innarmu. Washegari na tuƙa tuwon masara, na kaɗa kuka da wake, na ƙara ruwa. Na zuba kwano uku, ɗaya gidan dama, ɗaya gidan hagu, ɗaya nata, don kada ta ga ita kaɗai aka ware. Gidan dama, masu motoci biyu, suka aiko da godiya, har maigidan yana cewa rabonsa da irin wannan miya tun rasuwar mahaifiyarsa. Gidan hagu shiru, kwanon ma sai da na aika aka karɓo. Ban fasa ba.

Nata kwanon ya dawo a wanke, haka na biyu, haka na uku. Ana nan, ran wata Alhamis bayan magariba, sai ga babbar 'yarta ta yi sallama da 'yar samira an rufe da faifai, ta ce wai in ji mamarta ga shi ba yawa. Faten tsaki ne da yakuwa, babu mai sosai, gishirin ma ya ɗan yi yawa. Na shimfiɗa tabarma na kira yara, muka zauna muka cinye shi tas, ƙaramin har da siɗe kwano.